Magaryar Bakin Rafi

Duk Agege, in mace ta rasu ni ake kira, kuma ban taɓa wanke gawa babu ganyen magarya ba. Ƙasar Ikko ba ta son magarya, amma ni na dasa guda a bakin rafi, tsakanin shuwakar Yarbawa, ta kama.

Shekarar da soja suka bar mulki rikici ya ɓarke. Gawa ta yi yawa, na yi ta tsinkar ganyen magaryar har ta koma ƙaya zalla. Sai ga gawar aminiyata. Na je rafi, na dawo hannu rabbana.

Liman ya ce, "Iya, ruwa ya wadatar."

Da ruwan na wanke ta. Har yau nakan gan ta a mafarki tana shinshina hannuwanta.