Matashin Itacen Inna Delu

Shekara goma sha biyu ke nan da rasuwar kakata Inna Delu, makitsiya a Kabo, amma har yau in na ji ƙamshin man shanu sai na waiga.

Mijinta ya taɓa zuwa fatauci har ƙasar Kwango. Ya dawo ba uwa ba riba, sai wani ɗan matashin kai na itace, irin wanda mutanen Luba ke ɗora wuya a kai don kada kitso ya lalace. An sassaƙa mata biyu a tsugune suna tallafe da shi. Inna ta ƙwallafa rai a kansa, don ita ce tsaraba ɗaya tak da ya taɓa yi mata.

Da yayan mijinta, Malam Habu, ya gani, sai ya ce siffar mutum ce, a jefa a murhu. Inna ba ta yi gardama ba, ta san ya fi ta karatu. Ta dai naɗe abinta a mayafi, ta kai wa mai sassaƙa turmi a Gwarzo, ya shafe fuskokin da gizago. Ta dawo ta durƙusa gaban Malam.

"Malam, ga shi, ba ido ba hanci. Har yanzu na wuta ne?"

Ya jujjuya shi, ya yi murmushi. "Delu, ɗauki kayanki."

A kan matashin nan take kwantar da mu duk kitson salla, muna kukan ciwon wuya tana yi mana dariya. Da za ta ga jikokinmu yau a kan filon soso, shuku ya wargaje tun salla ba ta wuce ba, na san tsakin da za ta ja. Da tsohuwar zuma ake magani, haka take cewa.

Bana 'yata Safiya za ta tare a garin Gammo, ta ce a sa mata matashin cikin kayan ɗaki. Na hana. Tsoro nake kada dangin miji su ga tsohon icce su hura wuta da shi. Washegari na same ta tana shafa masa man shanu kamar yadda Inna ta saba yi, ta naɗe shi a mayafinta, ba wanda ya koya mata.

Inna ba ta bar gona ba, ba ta bar hoto ba. Ta bar ɗan lotsawar da wuyanta ya yi a itace, ta bar taurin kai mai ladabi. Na dubi Safiya, hawaye na zubo mini, na ce, "Ɗauki kayanki."