Gadagin Baba da Ɓerayena

A shekarata ta ƙarshe a jami'a kiwon fararen ɓeraye na yi. Ina ɗura musu gadagi, shayin nan da direbobi ke sha don su kori barci, daga baya a ɗebi jininsu a duba ko sinadaran hantarsu sun hau. A gida Gumel kuwa na zama abin tsokana. Goggona ta ce lallai boko ya kai inda ya kai, su suna kashe ɓera a rumbu, ni ina ba shi shayi.

Gadagin ma Baba ne ya samo mini. Direban babbar mota ne, yana ɗaukar shanu daga kasuwar Maigatari zuwa kudu, kuma ya daɗe yana sha. Ni ce 'yar fari, ba ya kiran sunana, magana ma sai ta bakin Inna. Ita ya ba galan cike daga wurin mai shayinsa, ya ce a faɗa wa "yarinyar nan" wannan shi ne na ainihi.

Sakamako ya fito. Ɓerayen da suka fi sha, sinadaransu sun yi sama, alamar hanta na wahala. Malamina ya yaba aikin. Ni kuwa idon Baba nake tunawa, wanda ya fara komawa ruwan ɗorawa.

Da na zo hutu, yana alwala a tsakar gida ya ce da Inna, "Tambayi yarinyar nan, yaya baƙinta suka ji da shayina?"

Na sunkuyar da kai. "Inna, ki ce masa hantarsu ta taɓu. Don Allah ya je asibiti."

Ya ajiye buta. "Ce mata ɓera ba ya tuƙi da iyali a wuyansa." Ya yi dariya ya fita, amma dariyar ba ta kai ciki ba.

Tun daga ranar filas ɗinsa na gadagi ya ɓace daga zaure, har na fara murna. Wata safiya Inna ta aike ni maƙwabta, na zagaya ta bayan motarsa, sai ga shi tsugune a gindin taya yana kurɓa. Yana ganina ya tura filas ɗin cikin riga, gadagin yana zubo masa a cinya.

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Mahaifina, da furfurarsa, yana ɓoye mini abu. Na durƙusa na gaishe shi kamar ban gani ba. Ya amsa yana kallon taya.