Fitilun Gidan Auta

Injiniya ake ce masa, ko da yake karatunsa bai wuce aji huɗu ba. Shekara talatin da bakwai ke nan yana jan wayar wuta a gidajen mutane. Yatsansa ɗaya na hagu ya lanƙwashe tun ranar da wuta ta jefo shi daga kan tsani, kuma yakan ɗaga shi ya ce ga takardar shaidarsa. Shagonsa ɗan tsukuku ne: kanta ɗaya, ƙwayayen fitila, sai tarin fankokin da masu su suka manta da su.

Da filaya da sukundireba ya raini ƙanensa bayan rasuwar mahaifinsu. Auta ya yi karatu har ya ƙoshi, ya samu aikin ofis, ya gina gida mai doguwar katanga. Wayar gidan kaf Injiniya ne ya ja ta, sati shida shagonsa na rufe.

Ran nan Auta ya kira shi. "Yaya, na sayo fitilun waje guda takwas, irin waɗanda ake kunnawa da wayar hannu. Ka zo ka ɗaura mini."

Kafin rana ta take ya gama ɗaurawa. Ya danna makunni, takwas ɗin suka kama fes. Saura haɗa su da intanet ɗin gidan, a nan kuwa gizo ke saƙar. Manhajar fitilun ta yi ta juyi a wayar Auta, can ta ce ba ta ga fitila ba.

Injiniya ya sa tabarau ya bi takardar kwalin layi-layi. Ya kashe ya kunna sau biyar har fitilar ta soma ƙyafta ido, kamar yadda aka rubuta. Shiru. Ya zargi nisa da kaurin bango, sai ya kwance ɗaya ya kawo ta falo, gab da akwatin intanet. Nan ma ta ƙi.

"Faɗa mini kalmar sirrin in gwada a wayata," in ji shi.

Auta ya dubi matarsa, ita kuma ta dubi labule. "Kawo in sa maka, Yaya."

Auta ya karɓi wayar, ya juya baya ya rubuta. Da abin ya ƙi, sai da ya goge kalmar kafin ya miƙo. Injiniya ya gani sarai. Yaron da ya goya zuwa asibiti lokacin ƙyanda, yau shi ke kare waya da kafaɗa. Injiniya ya koma kan tsani.

A rana ta uku ya gano bakin zaren, a wani ƙaramin rubutu can ƙasan takardar. Akwatin intanet ɗin layi biyu yake watsawa a ƙarƙashin suna ɗaya, fitilun kuwa ɗaya kaɗai suke ji, mai lamba biyu da ɗigo huɗu.

"Buɗe mini saitin akwatin nan a raba layukan, yanzu za su kama."

"A'a, kada a taɓa, da shi nake aikin ofis," in ji Auta. "Yaya, kada ka ji haushi, wannan ba aikin zamaninku ba ne. Na riga na kira 'yan kamfani."

Matar ta ƙara da cewa, "Ni dai ina zargin wayar da aka ja tun farko."

Mutumin kamfani ya iso da riga mai guga da kwamfuta a jaka. Bai ma zauna ba ya nemi kalmar sirri, matar Auta ta karanto masa da ƙarfi, harafi bayan harafi, Injiniya na tsaye riƙe da tsani. Mutumin ya buɗe saitin, ya raba layukan. Minti goma, fitilu takwas suka amsa. Da zai fita ya leƙa akwatin fis, ya ce, "Wa ya ja wayar nan? Rabona da ganin aiki mai tsabta haka an daɗe."

Auta na can yana mai da fitilun kore, yana mai da su ja, yana dariya.

Injiniya ya naɗe ragowar waya, ya ɗaure tsani a babur. A gida matarsa ta tambaye shi yadda aka ƙare. Ya ce, "Sun kama," ya nemi ruwan wanka.

Tun daga nan ba ya taka gidan sai in an ce wani ba lafiya. Ya gaishe su, ya zauna a bakin kujera, ya tashi. Auta yana gaya wa dangi wai tsufa ya sa Yaya saurin fushi, abu kaɗan sai ya ɗauke ƙafa. Maganar ta iske Injiniya a shago yana naɗin wata tsohuwar fanka. Ya ce wa wanda ya kawo maganar ya ɗan matsa, yana tare masa haske.