Ranar da Baffan Amarya Ya Iske Ni Ina Kwanci

Ko tsufa ya goge mini komai daga kai, ban ga yadda zai goge ranar da aka iske ni tsugune a kan ƙwai ba. Har yau in na tuna, sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi, ko da ni kaɗai ne a ɗaki.

Lokacin ina sabon malami a wata kwaleji ta wajen Urafane, ina koyar da ilimin halittu. Jini na tafasa, ga son a ce na iya. A Tasawa kuma ina neman auren ɗiyar wani mai sayar da yadi. Magana ta yi nisa, saura iyayenta su gama bincike a kaina kamar yadda aka saba. Na san za a bincika, amma ban san yaushe ba, ban kuma san wanda za a turo ba.

Wata Juma'a da hantsi hira ta kai mu kan dinozor, manyan dabbobin nan da suka shuɗe tun kafin mutane, waɗanda ake tono ƙasusuwansu can arewa. Na gaya wa yara cewa ƙwai suke yi. Wasu sukan binne shi cikin yashi da ruɓaɓɓen ganye kamar kada, ɗumin ƙasa ya ƙyanƙyashe musu. Wasu kuma, masu gashi irin na tsuntsu, kwanci suke yi da kansu. Sai wata ɗaliba ta ɗaga hannu, ta kira ni yadda ɗalibai ke kiran malami da Faransanci, ta ce, "Mushe, abu mai nauyi haka, in ya haye ƙwai ai hwashe su zai yi." Aji ya kwashe da dariya, ni kuwa na ji tambayar ta yi mini daɗi.

Na zana a allo, ba su gane ba. Sai na ce kowa ya fito. A gindin bedi, itacen da wasu ke kira dogon yaro, na sa aka yi ɗan gurbi cikin yashi, aka tsinto ƴaƴan goruba, na jera su a zagaye, na bar fili a tsakiya. Na shiga tsakiyar na tsuguna. Da yake Juma'a ce da babbar riga na zo, sai na buɗe hannuwa, rigar ta rufe goruba ruf. Na ce, "Kun gani? Nauyin yana ƙasa, ƙwai na shan ɗumin fiffike." Nan take na ga idanunsu sun buɗe. Daɗi ya kwashe ni, na shiga juya wuya ina huci, duk wanda ya miƙo hannu zai saci ƙwai in kai masa sara da baki. Yara har da masu faɗuwa ƙasa.

Ina cikin wannan huci na ga dariyar ta ɗauke. Na waiwaya. Ga darakta tsaye, kusa da shi wani dattijo da farin rawani da carbi. Baffan yarinyar da nake nema ne, yayan mahaifinta, wanda sau ɗaya na taɓa gaishe shi, shi ma a durƙushe. Na yunƙura zan tashi, na taka goruba ta mirgina, sai ga ni zaune daɓas. Ya dube ni, ya dubi gurbin, ya ce, "Sannu da aiki, Malam. Allah shi sa a ƙyanƙyashe lahiya." Ya juya ya tafi ko ruwa bai sha ba. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na gode mata.

Bayan ƴan kwanaki aka aiko in je Tasawa. Na iske dattawa cike da zaure, mahaifinta a gefe yana kallon tabarma. Na zauna can bakin ƙofa kusa da takalma. Baffa ya ce, "Hwaɗa masu abin da na iske ka kana yi." Na soma bayani kan cewa an tono ƙashin irin dabbar nan a kan gurbinta, hannuwa a buɗe bisa ƙwai. Wani tsoho ya katse ni, "To, a cikinsu namiji ne ka yin kwancin?" Na ce masana suna zaton a wasu haka ne. Ai sai zaure ya ɗauka, har na jiyo mata na dariya ta bayan katanga. Gumi ya jiƙa mini hula.

Da aka natsu Baffa ya ce, "Mu ba mu ƙi ka ba. Amma ba mu ba da ɗiya ga wanda yara ka yi ma dariya. Ka ce mana wanga wasa ya ƙare, a rufe magana." Ina son yarinyar, kuma kunya ta riga ta ci ni. Ban ko ɗaga kai ba na ce, "Na daina, Baba. Ba za a ƙara ba." Aka shafa fatiha.

Aure ya ɗauru, yau ita ce uwar ƴaƴana, kuma ban taɓa nadamar samunta ba. Amma alkawarin da aka ɗaukar wa surukai a zaure ba a tayar da shi. Tun daga ranar ban sake fita da aji gindin itace ba. Kowace shekara in mun zo kan ƙwan dinozor, ina tsaye tsaf da alli a hannu, mutum mai mutunci, yara na kwafa suna hamma. Su haddace, su rubuta a jarrabawa, su manta.

Na daɗe ina zaton abin kunyar shi ne tsugunon da na yi cikin yashi. Sai da furfura ta fara fito mini na gane cewa a gindin bedi aikina nake yi, kuma ranar na fi iya shi. Wanda ya kamata in ji kunyarsa shi ne mutumin da ya sunkuyar da kai a zaure ya kasa cewa, "Baba, koyarwa ce." Abin da na koya ke nan: kafin ka ba da haƙuri don an yi maka dariya, tsaya ka duba ko laifi ka yi.