Sunanta Malama Rahila, Ba Madam Banakula Ba

Da safiyar nan labari ya riske ni: Malama Rahila ta rasu. Ban gama haɗiye wannan ba, sai ga sanarwar ta'aziyya daga ƙungiyar tsofaffin ɗaliban firamarenmu, da hotonta, an rubuta a ƙasa da manyan baƙaƙe: "Madam Banakula ta kwanta dama."

Ni ne Modu, haifaffen unguwar Gwange, mai digiri a fannin nazarin harshen Turanci, kuma ɗalibinta. Na ambaci digirin ne domin a san wanda ke magana ya san abin da yake faɗa. Manufata biyu ce: in yi mata shaida, in kuma nemi a janye wannan ta'asa kafin a kai ta makwancinta ranar Asabar.

Ga wanda bai sani ba, ga asalin sunan.

A farkon shekarun casa'in, lesin Turanci biyu ne a layinmu. Na farko na wani ne da ake kira Mista Grama, mai allo a ƙofar gida da bulala a hammata. A wurinsa Hausa da Kanuri haramun ne, "banakula" yake kiransu, wato yaren gida. Duk yaron da ya kuskura ya yi ɗayansu, sai a rataya masa ƙashin akuya a wuya, ba zai cire ba sai ya kama wani.

Na biyu na Malama Rahila ne, 'yar kudancin Borno, malamar aji a makarantarmu, wadda kan shimfiɗa tabarmi a gindin darbejiya bayan la'asar. Ita takan faɗi kalma da Turanci, ta warware ta da Hausa, in ta ga ido bai waye ba ta ƙara da Kanurinta mai gargada.

Iyaye a lokacin da kunne suke zaɓen lesin. Su tsaya a bayan katanga, inda Turanci ya fi amo, nan za a kai yaro. Mista Grama ya gane haka, ya laƙaba mata Madam Banakula, ya baza a majalisu cewa yaro ya shiga wurinta da yare biyu, ya fito da biyun.

Babana ɗinkin hula yake yi, bai taɓa zama a aji ba. Ƙaninsa ya matsa masa: "Yaya, kai Modu wurin Mista. Ba ka ji yadda yaransa ke zuba Turanci kamar rediyo?"

Baba ya miƙe. Ya ɗauki kwalbar maganin tarin mahaifiyata, ya riƙe hannuna, muka je, ƙanin nasa yana biye da mu. A gidan Mista ya miƙa wa wani yaro kwalbar. Yaron ya karanta tiryan-tiryan, har Mista yana gyara wuyan riga. Baba ya ce, "Madalla. To, me aka ce?" Yaron ya dubi ƙashin da ke wuyan na kusa da shi, ya ja bakinsa ya yi gum.

A gindin darbejiya Malama ta tare mu da gaisuwar Kanuri: "Wushe, Baba!" Wata yarinya ta karɓi kwalbar, ta yi ta tuntuɓe a kan kalmomi, sannan ta ɗago ta ce, "Baba, an ce a girgiza kafin a sha."

Baba ya dafa kai. Ashe Inna ruwan sama-sama take ta sha, maganin yana kwance a gindin kwalba.

A hanya ya ce wa ƙaninsa, "Can baki suke da shi. Nan har da kunne." Washegari na hau tabarma.

Ranar da na ce mata ba ni da fensir, ta karya nata biyu, ta fere min rabin da ya fi tsawo.

Da azumi takan tashe mu da wuri, alhali ita Kirista ce, ta ce, "Ku tafi, kada kunu ya huce, iyayenku su ce Turanci ne ya riƙe ku."

Amma sunan nan ya ci ta. Ina gani tabarmi uku suka koma biyu, biyu suka koma ɗaya. Yara kan bi ta a layi suna rera shi, tana tafe da jakarta ba ta waiwaye.

Haɗuwarmu ta ƙarshe bara ce, a gidan 'yarta a unguwar Bulabulin. Idonta ya yi rauni. Na fara jero mata gaisuwa da manyan kalmomi, ta tari numfashina tana dariya: "Modu ne wannan. Har yanzu kana tauna ƙamus kafin ka gaida mutane?" Muna cikin hira wani maƙwabci ya leƙo ya ce, "Madam Banakula, ina wuni?" Dariyar ta ɗauke. Sai da ya tafi ta ce min, "Ɗana, tun ranar da aka sa min shi ban taɓa amsawa ba. Ba kuma zan fara da tsufa ba."

Wannan ita ce matar da shugabanninmu suka buga wa sanarwa.

Na kira shugaban ƙungiya ɗazu. Amsarsa ita ce, "Haba Modu, Turawa! Ai kowa da haka ya san ta, sunan wasa ne." Ranka ya daɗe, wasa sai da yardar wanda ake yi da shi. Abin da ya fi ƙona min rai, ya tabbatar min cewa da wannan laƙabi za a buga ƙyallen da za a ɗaga a cocinsu, a gaban 'ya'yanta da jikokinta. Tana raye ta kare kanta da shiru. Yanzu shirun nata ba zai iya ƙin amsawa ba, shi ya sa ni nake ƙi a madadinta.

Saboda haka ina neman shugabannin ƙungiya su janye sanarwar, su dakatar da mai buga ƙyalle, su rubuta cikakken sunanta da muƙaminta na malama, su kuma ba iyalinta haƙuri. Ina jiran amsa a rubuce, a nan ƙarƙashin wannan rubutu inda kowa zai gani, kafin azahar ɗin ranar Alhamis. In ba ta zo ba, a cire sunana daga ƙungiya. Zan je jana'izar ni kaɗai, in tsaya a bakin ƙofa, ƙyallen nan ba zai shiga ba.

Allah Ya saka mata da alherin da ta shuka, Ya ba 'ya'yanta haƙurin rashi. Duk wanda ya karanta, Musulmi ko Kirista, ya sa ta da iyalinta a addu'a, kuma don Allah ya kira ta Malama Rahila.