Faifan Mama a Hannun Mai Gyaran Agogo

Babanmu mai gyaran agogo ne, shekara talatin da ɗoriya a ɗan shago ɗaya a ƙarƙashin bene. Maƙwabta Sai-na-gani suke kiransa, don bai taɓa riƙe abu mai murfi ya bar shi a rufe ba. Rediyon gida, dutsen guga, har keken ɗinkin Mama, duk sun ɗanɗana sukundirebansa.

Da tsohuwar kwamfutarsa ta fara jan ƙafa, na sa masa Linuks. Na ce masa manhaja ce da aka bar cikinta a buɗe, kowa na iya leƙawa ya gyara. Ya tura tabarau sama ya ce, "Ashe ina da 'yan uwa a duniya."

Faifan bidiyo ɗaya ne ya gagare shi, na ranar da yayana ya gama makaranta. A nan kaɗai muryar Mama ta rage mana, yau shekara shida da rasuwarta. Na'urar kallon gidan kuwa ta daɗe da mutuwa, kun san a hannun wa. Ya saka faifan a kwamfuta, ya danna, allo ya yi baƙi, shiru.

A wurin mai agogo, duk abin da ya tsaya datti ne. Sai ya ɗauko ƙyalle da ruwan wanke agogo, kullum da safe yana murza faifan a kewaye kamar gilashin agogo. Ranar Asabar na leƙa shagon, na ɗaga faifan a haske, na ga zane-zane.

"Baba, goge shi kake yi?"

"Sau biyar kacal. Yau cikin injin zan duba."

"Don Allah ajiye sukundireban nan."

Na yi masa bayani cewa ba datti ba ne. Kwamfutar ce ba ta zo da abin karanta irin wannan bidiyon ba, sai an sauko da shi. Na sauko da shi tare da manhajar kallo, yana ta tambaya: ina yake zama, wa ya rubuta shi, ana iya buɗe shi? Kafin komai na kwafe faifan. Kwafin ya cije a tsakiya, sannan ya wuce.

Muka kunna kwafin. Inda ya murza, hoton ya farfashe, jawabin yayana ya tafi har abada. Can sai ga Mama, tana harara gefe.

"Baban yara, bar wa bawan Allah kyamararsa, kada ka kwance ta!"

Baba ya yi dariya har ya cire tabarau, ya daɗe bai mayar ba. Ni ma kuka nake. Ya mayar da faifan cikin kwalinsa, ya miƙo mini.

"Riƙe a wurinki. Ban yarda da hannuna ba."