Bokitin da Bai Samu Faci Ba

Jawo kujerar nan ka zauna, ka ba ni kunnenka, ka ji yadda Mai Faci ya kare da barandarsa.

Shekara talatin da ɗoriya ya yi a bakin titi, ƙarƙashin rumfar kwano, shi da injin iska da wani baho mai baƙin ruwa. In aka kawo taya, sai ya zaro robar ciki, ya hura mata iska, ya danna ta cikin bahon, ya zuba ido. Da kumfa ta taso sai ya haɗe rai kamar ya kama ɓarawo. Ya kankare wurin, ya shafa sholisho, ya manna faci. Duk duniya ba abin da ya tsana kamar ɓula. Ko a rigar baƙo ya hango ta, za ka ga yatsansa na motsi.

Da bayansa ya ƙi sunkuyo, ya bar wa ƙaninsa rumfar ya dawo gida, ɗaki biyu a saman bene. Nan ya gano ashe gidan yana da mai shi. Kicin na matarsa ne, falo nata, har kujerar da ke kallon taga. Abin da ya rage baranda ce, taku uku a tsaye, ita ma igiyar shanya ta ratsa ta.

"Lambu zan yi a nan," ya ce wata safiya.

"Lambu, Malam? Kai da ko albasa ba ka san ta inda take fitowa ba?"

"Ke dai kwance igiyar."

Ta kwance tana dariya. "Wata biyu na ba ka. In ban ga ganye ba, igiyata ta dawo, kai kuma ka koma falo ka riƙa ɗaga mini ƙafa in na zo shara."

Wannan ɗaga ƙafar ita ce abin da yake gudu.

Bai sayi komai ba. Ƙasa ya roƙo a wajen masu gini, taki a wajen wani mai kiwon kaji, iri kuma ya tsame daga tumatirin da matar ke yankawa. Wata mai sayar da furanni a bakin hanya ta ba shi tsofaffin tukwanen roba guda shida. Yana juya su ya ga kowace da ɓula huɗu a gindi.

"Allah sarki," ya ce. "Shi ya sa ta bayar kyauta."

Ranar ya yi aikin da ya daɗe bai yi irinsa ba. Ɓula ashirin da huɗu, ya bi su da faci ɗaya bayan ɗaya. Ya kai tukwanen banɗaki, ya danna kowace cikin ruwa, ko kumfa ɗaya ba ta taso ba. Ya cika su, ya shuka. Ƙasa ta yi saura, ya rasa inda zai zuba, sai idonsa ya faɗa kan koren bokitin matarsa. Shekara biyu ke nan bokitin na yoyo, shekara biyu tana cewa ya liƙe mata, yana cewa gobe. Ya juye sauran ƙasar a ciki, ya watsa 'yan iri. Facin kuma, gobe.

Tumatir ya tsiro. Mai Faci ya riƙa ba shi ruwa safe da yamma. Sati uku sai ganyen ya fara rawaya. Ya ce ƙishi ne, ya ƙara ruwa. Tsiron ya kwanta, tukwanen suka koma kududdufi, wari ya fara leƙowa falo, sauro ya kawo iyalinsa. Matar kuwa ta ɗauko igiyar ta ajiye a kan kujera, inda zai riƙa ganinta.

Saura kwana biyar wa'adin ya cika, wani tela da ke ƙasan benen ya ɗaga murya: "Baba! Ruwanku na ɗiga a kan yadin mutane!"

Yoyo, daga gidansa, kuma a gaban jama'a. Mai Faci ya ɗauko sholisho, ya jawo koren bokitin daga lungun da ya tura shi. Matar ta dafa hannunsa.

"Malam, kafin ka kashe shi, dube shi tukuna."

Ya duba. Tumatir ne tsaye har gwiwa, kore shar, da 'yan furanni uku. Ya dubi tukwanensa shida masu faci, ya sake duban bokitin da ke ɗiga. 

"Wato ita mai furannin nan..."

"Da gangan aka huda su, Malam. Na so in faɗa, na ga kana jin daɗin aikin."

Ya miƙe da ƙyar, ya ɗauko ƙusa da guduma. Mutumin da ya yi shekara talatin yana zagin ƙusa, ranar shi ya ɗora ta a gindin tukunya. Sai da ya runtse ido ya buga. Baƙin ruwa ya tsiyaye, tela ya sake kururuwa daga ƙasa, aka nemo tsohon faranti aka tara.

Ranar da wa'adi ya cika, ya kira ta ya nuna mata ganye. Ta ce ta gani, amma a bokitin wa? Ba su tsaya shari'a ba. Ta mayar da igiyarta, ya bar tukwanensa a wurin. Yanzu in ka leƙa da hantsi, za ka same shi zaune a kan 'yar kujera, jiƙaƙƙen zani na ɗiga cikin tukwane, wani lokacin a ƙeyarsa, yana gaya wa duk wanda ya hau benen cewa sirrin shuka ɓula ne, shi ya daɗe da sani.

To kai da ka ji labarin, cikinsu wa ya ci barandar nan?